Inda Zan Bar Inna

Daren Talata, Sha'aban, damina ta biyu babu ruwa

Ƙafafuna sun kumbura. Kwana uku ina neman inda zan bar Inna in tafi kudu neman hatsi, ga shi ko tashi ba ta iyawa.

Gidan Kawu Idi a garin Agiye akwai sauran gero, amma na tarar da tsohuwarsu kwance cikin rana. Inuwa ta gusa, ba wanda ya ja mata tabarma. Gidan ƙanwata Hajara dusa suke ci, sai dai sau uku na ga ta tallabi surukarta ta ba ta ruwa.

Na gaya wa Inna, ko da yake zaman gidan suruki abin kunya ne gare ta. Ta ce, "Sani, kai ni wurin Hajara. Na saba da yunwa, amma ban saba a manta da ni ba."