Ranar Litinin Babu Kilina

Zuwa ga hasken idona, sanyin safiyata, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta ba tare da ta sani ba,

Gaisuwa mai yawa kamar yashin bakin rafi. Ni ce ta shagon Gwaggo da ke ƙofar kwalejinku, mai yi muku fotokwafi. Shekara ɗaya da rabi kana shigowa, kuma duk abin da na taɓa ce maka shi ne "kwafi nawa?" Shi ma tun kana tsallako titi nake fara bitarsa a zuci.

Ya kai ruwan farkon damina, ka tuna ranar Talata da ka kawo takardar jarrabawar lissafin da ka faɗi? Ka miƙo ta a kife, kana kallon silin. Da na ɗora ta kan gilashin inji sai na ga ta yi laushi saboda goge-goge, har ta huje a wuri biyu. Malaminku ya rubuta da jan biro har sau uku cewa amsar da ka goge ita ce daidai. Ni a aji shida na tsaya. Ban san wannan x ɗin da kuke nema kullum ba, ban san wa ya ɓatar da shi ba, amma ina iya karanta jan biro.

Wai me ke kama ka a ɗakin jarrabawar nan, farin watana? A kan bencin shagonmu lissafi yana zuba daga bakinka kamar ƙorama. Kai kake koya wa abokinka mai yawan fito, wanda ko littafin bai saya ba. Shi ya shiga yana dariya, ya rubuta abin da ya fara faɗo masa, ya haye. Kai da ka koya masa, ka zauna kana zargin kanka har aka karɓe takarda.

Na ji kana gaya masa ranar Litinin za ka sake rubuta jarrabawar, in ka kuma faɗi za a sallame ka, Babanku ya kira ka gida. To ni fa? Wa zan riƙa jira ya tsallako titi? Zuciyata za ta bushe kamar ganyen da aka manta a cikin littafi.

Saboda haka in ka zo sayen kilina na goge rubutu da safiyar ranar, yadda ka saba, Gwaggo za ta duba ta ce ya ƙare. Bai ƙare ba. Na ɓoye kwalin a bayan injin. Don Allah kada ka je wani shago. Ka ja numfashi, ka rubuta amsar farko, ka ɗauke hannunka daga kanta.

Na san ba ni ce ya kamata in yi wa kowa wa'azi a kan tsoro ba. Gwaggo ta ce kunyata ta kai in gaida ƙofa kafin in buɗe ta. Wasiƙa huɗu na yaga kafin wannan, wannan kuma da biro na rubuta, zan liƙe ambulan tun kafin in sake karantawa.

Ko ka ci ko ka faɗi, kai ɗin ne dai, har tekun duniya ya ƙafe. Amma don girman Allah ka ci.

Taka har abada. Ban iya sa sunana ba, hannuna ya ƙi. In ka shigo ka ga wata ta sunkuya tana neman abin da bai faɗi ba, ita ce.