Mage Ta Ciji Jikata, Mun Kai Ta Ƙetaren Gulbi

Assalamu alaikum, Hajiya mai shawara. Ki gafarce ni da na dame ki, ban san inda zan nufa ba ne.

Ina da wata mage da nake ciyarwa don neman lada, a gefen shimfiɗar sallata take kwana. Ban taɓa kai ta allurar riga-kafi ba, ni a tunanina wannan na karnukan masu hali ne. Kwanakin baya wani kare ya shigo gidanmu nan Yantala, ya yage mata kunne. Na shafa mata toka, ta warke. To satin jiya sai ta sauya, ta daina ci, tana ɓuya ƙarƙashin gado, miyau na zuba. Jikata Anisa ta miƙa hannu za ta jawo ta, ta cije ta a yatsa. Na wanke, na yi mata tofi.

Maigida ya ce a kashe magen, na ce ina tsoron alhakinta. Sai ya sa ta cikin buhu, ya ƙetare kadarko, ya sake ta a Harobanda don kada ta gane hanya. Yanzu maƙwabciyata Lami ta ce mage ma tana ɗaukar haukan kare. Ciwon ya bushe, yarinyar tana wasanta, amma ni ko ruwa ta ƙi sha sai gabana ya faɗi. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Wata kaka, Yantala

Wa alaikumus salam, Inna. Ban jira ranar jarida ba, na aika miki da wannan tun da na karanta.

Ki kai Anisa likita yau, ki faɗi duk abin da kika faɗa mini. Mai yiwuwa wani ciwo ne dabam ya sa magen cizo, amma tunda ba ta hannunku, babu mai iya tabbatarwa. Bushewar ciwo ba shaida ba ce. Allura tana aiki ne kafin alamu su bayyana, in sun bayyana an makara. A yi mata allurorin duka, kada a tsallake ko ɗaya. Tofinki kuma ki ci gaba da shi.

Tausayinki ba laifi ba ne, sai dai a Harobanda ma akwai jikokin wasu. Maigida ya je wurin likitocin dabbobi ya nuna musu inda ya sake ta. In kin sake ɗaukar mage, allurarta ta shekara-shekara tana cikin haƙƙinta, kamar abincinta.

Allah ya tsare Anisa, ya kwantar miki da hankali. Ɗauki mayafinki, Inna.