Rawayata Ce Ta Yi Aiki, Ba Allurarta Ba

Malama Fatsuma, ki taimake ni da shawara kafin baƙin ciki ya sa in fasa ƙofar ɗakin ɓeraye. I, ɓeraye na ce, ba kuskuren biro ba ne.

Ni tsohuwa ce, ina zaune gidan ɗana a Nasarawa GRA. Karatuna aji huɗu ne, amma ba a rufe ni a ɗaki aka raine ni ba. Jikata Hajara tana cikin yaran da gwamnati ta kwasa zuwa Turai da kuɗin mai ya yi mata yawa. Shekara bakwai! Na zaci likitar mutane za ta dawo, har na fara tara mata ciwon gwiwata. Sai ga ta da ɓeraye. Wai tun kafin a haife su aka taɓa halittarsu, aka cusa musu ƙwayar ciwon hanta irin ta ɗan Adam, don ɓera haka kawai ba ya ɗaukarta. A kansu take gwada wata sabuwar allura.

Janaretan wurin aikinsu ya ƙone, sai ta kwaso su zuwa ɗakin baya na gidanmu, aka kunna musu iyakwandishan. Ni da na haifi mai gidan, fanka gare ni. Nakan dai tambaye ta ko surukaina sun tashi lafiya.

Abin da ya ƙona mini rai, ranar da abokan aikinta suka zo cin abinci na ce a gwada jiƙon saiwar rawaya, da shi muka san ana maganin wannan ciwo tun kaka da kakanni. Yarinyar nan da na goya ta yi dariya, ta juya harshe zuwa Turanci, su ma suka dara. Ba na jin Turanci, amma ina jin dariya. Kakanta, Malam, wannan ciwon ne ya ɗauke shi, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Ni na yi jinyarsa wata biyar da rawayar nan. Ita a lokacin ko zama ba ta iya ba.

To, na aiki Ɗahiru mai ban ruwan fulawa ya sayo mini saiwar. Kullum ta fita bayan azahar sai in ɗauki makullin ɗakin ɓerayen inda take ɓoyewa, in ɗiga musu a kwalaben ruwansu, kaɗan yadda launi ba zai nuna ba. Kejin hawa biyu ne. Na sama hannuna ba ya kaiwa, na ƙasa kawai na yi wa, sati uku.

Shekaranjiya ta shigo tana tsalle kamar ba dakta ba. Wai na ƙasa su take yi wa allura, na sama an bar su ne don a kwatanta, kuma awon jini ya nuna hantar na ƙasa ta fi sauƙi. Litinin mai zuwa za ta aika wa malamanta na Turai cewa allurarta ta ci. Har ta rungume ni! Malama, ni na yi aiki, allura ta karɓe yabo. In na yi magana, yarinyar nan ba za ta ƙara cin tuwo a kwanona ba. In na yi shiru, zuciyata ta fashe. Yaya zan yi ta gane rawayata ce, ba tare da ta san na taɓa makullinta ba?

Kakar Likitar Ɓeraye, Nasarawa GRA

Hajiya, na yi dariya da na fara wasiƙarki, amma ban ƙarasa ta ina dariya ba.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya. Hajara ba ta kyauta ba da ta yi miki dariya gaban baƙi, balle da harshen da ba kya ji. Wadda ta yi jinyar miji wata biyar ta cancanci a saurare ta.

Sai dai tambayarki ba ita ce tambayar ba. Yanzu babu wanda ya san abin da ya yi aiki, ko ke, ko ita. Amfanin hawa biyun nan shi ne bambancinsu ya zama allura kaɗai. Da kika ƙara rawaya, kin shafe amsar. Idan ta aika, wasu za su maimaita gwajin. In bai fito ba, sunanta ne zai ɓaci, ba na rawaya ba. Mafi muni, a ɗora fata kan maganin da ba shi da tabbas, alhali akwai masu kwance irin kwanciyar Malam.

Ki faɗa mata yau, kada ki kai Litinin. Ku biyu kawai, ba wasan jika da kaka a ciki. Ki faɗi ranar da kika fara, yawan da kika ɗiga, da kejin da kika taɓa. Kada ki sa Ɗahiru a ciki, aike ya je. Za ta yi fushi, watakila ta daɗe, domin aikin watanni ne zai koma farko. Ki jure.

Bayan ta huce, ki gaya mata zafin dariyar nan, ki roƙe ta wata rana ta gwada rawayar ita kaɗai, a kejinta daban. Ki shirya karɓar duk abin da awo ya nuna. Kin shayar da Malam ita da hannunki, kin fi kowa sanin cewa tambayar tana nan ba a amsa ba. Ina jin jikarki ma saboda shi ta zaɓi ɓeraye a kan gwiwarki.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya zukatanku, ya maido hannun Hajara cikin kwanonki.