Kwalaben Salamatu

Dakar, 9 ga Afrilu 2010

Zuwa ga malamina Mushe Isufu,

Gaisuwa da girmamawa. Ina iyali, yaya zafin Matameye? Mun ji tunda sojoji suka karɓi mulki an daina ɓoye maganar yunwa. Allah ya kawo sauƙi.

Malam, ina cikin damuwa. Gansakukar tekun da nake kiwo a kwalabe, ƙananan tsiro ne da ido ba ya ganin ƙwara ɗaya, kuma man da suke tarawa nake aunawa. Ƙa'idar ita ce a ciyar da su kwana goma, sannan a yanke musu azot, abincin da ke sa su hayayyafa. In suka rasa shi sai su daina yaɗuwa, su koma tara mai. Nawa kore shar suke, amma man ba ya ƙaruwa. A watan Yuni zan kare aikina na digiri a gaban malaman jami'a. In babu sakamako, shekarar ta tafi.

Ɗalibarku,
Salamatu

Matameye, 24 ga Afrilu

Ɗiyata Salamatu,

Takardarki ta same mu lafiya. Rumbuna sun ƙare tun sanyi, mazan ƙauyen Dungu rabi sun gangara Kano, amma muna nan.

Na karanta wa 'yan ajina bayaninki, suka hana ni sakat. Ɗaya ya ce, "Mushe, ana soya ƙosai da man nan?" Na kai wa innarki Gambo ma, na tarar tana matsar tunkuza. Ta ce, "Wannan har sai an je Dakar? Gyaɗar da aka cika wa taki ai ganye take yi. A gaya mata ta rage shagwaɓa su."

Maganarta ta tuna mini da abu. A ajinku mun shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a ba shi ruwa, ɗaya a hana. Duka biyun suka tsiro. Daga baya na kama ki da buta, kina ba wanda aka hana ruwa.

Ki faɗa mini gaskiya, kin yanke azot ɗin kuwa?

Malaminki,
Isufu

Dakar, 11 ga Mayu

Malam,

Ina gaisuwa, ina kuma jin kunya. Ina yankewa, amma kwana uku sai launinsu ya fara komawa rawaya, kamar geronmu da ruwa ya ɗauke masa bara. Sai in ɗiga musu kaɗan da safe. Ban ɗauka ɗigo zai ɓata ba. Ana yunwa a gida, hannuna ya kasa hana wani abu abinci.

Salamatu

Matameye, 22 ga Mayu

Ɗiyata,

Tausayinki ba aibi ba ne, amma kin kai shi inda ba a buƙata. Rawayar nan ba mutuwa ba ce, ajiya suke yi. Ki sanar da malaminki na can yau, ki sake sabon zubi. Lokaci zai isa. Ki rubuta komai, har ɗigon da kika yi.

Isufu

Dakar, 28 ga Yuni

Malam,

Na bar su suka yi rawaya. Man ya kusa ninka uku. Na kare aikina jiya, na ci. Ku gaya wa Inna ta fi ni.

Kwalba ɗaya dai na ajiye bakin taga, ina ba ta abinci kullum. Ba ta cikin gwajin.

Ɗiyarku,
Salamatu