Matata Ta Yanke Kan Sarkin Ambulolina

Hajiya Dela, don Allah ki taimake ni, abin nan yana neman kwantar da ni fiye da ciwon da na tashi daga gare shi.

Ni direba ne a Jidda. Da ƙuruciya na yi wa wani tsohon injiniya Bajamushe tuƙi a unguwar Abhur. Da zai koma gida ya bar mini kwalin tsofaffin ambulolin ƙasarsu na bayan yaƙin duniya na biyu, ni kuma na ci gaba da tarawa. Shi ya koya mini karanta su: hatimin gidan waya, sunan garin, takardar da sojojin mamaya ke liƙawa bayan sun buɗe wasiƙa sun duba. Wasu ma da tsohuwar taswira aka naɗe su, don takarda ta yi wuya a lokacin. Darajar abin tana ga ambulan ɗin cikakkensa. Kan sarkin kaɗai an buga shi birjik, in aka raba shi da ambulan, ya tashi a banza.

Kwanan baya aka yi mini aikin zuciya. Ina asibiti, uwar 'ya'yana ta buɗe kwalin, ta ga damshin garin nan ya fara yi musu ɗigo-ɗigo. Baiwar Allah ta ɗauki almakashi ta yanke kan sarkin ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa, ta shanya, ta jera a albam mai kyau, sauran takardun ta zubar. Ranar da aka sallame ni ta ɗora mini albam ɗin a cinya tana murmushi. Na ce na gode. Wallahi ban san yadda kalmar ta fito ba.

Ambulan ɗaya ya tsira, wanda na tafi da shi asibiti a jaka. Yanzu ba na iya haɗa ido da ita, abincinta ba ya wuce mini. Ita kuma ta ɗauka ciwon ne ya dawo, har ramewa take yi. In na faɗa mata, zan karya ta. In na yi shiru, ni nake karyewa. Yaya zan yi?

Mai baƙin ciki, Hindawiyya, Jidda

Malam, sannu da jiki, sannu kuma da rashi. Rashi ne, kada wani ya ce maka ai takarda ce kawai. Aikin shekaru ya tafi, har da ƙamshin mutumin da ya riƙe ka da mutunci, kuma ba zai dawo ba. Ya kamata ta tambaye ka kafin ta ɗauki almakashi.

Amma na karanta wasiƙarka ban ga inda ka taɓa zaunar da ita ka nuna mata abin da Bajamushen ya nuna maka ba. Ta ga ka sunkuya kan kwali shekara da shekaru, ta ceci abin da ta zaci shi kake kallo. Mace mai zaryar asibiti, tana tsoron mijinta ba zai dawo ba, ta nemi abin da za ta yi masa da hannunta.

Shirun nan ka daina shi, ya riga ya fara cin ta. Ka fara gaya mata lafiyarka ƙalau. Sannan ka ɗauko ambulan ɗin da ya rage, ku zauna, ka karanta mata shi daga hatimi har adireshi. Ba sai ka ce ta yi ɓarna ba, kafin ka gama za ta gane. Za ta yi kuka. Kada ka tashi daga wurin, kada ka ce ba komai, ka ce ya yi maka zafi kuma ka yafe.

Albam ɗin kuwa ka adana shi nesa da damshi. Masu saye ba za su kalle shi ba, amma a duk abin da ka tara, shi kaɗai aka yi dominka.

Allah ya ƙara sauƙi, ya sanyaya zukatanku.

Hajiya Dela