Waken da Aka Hana Ruwa

Zuwa ga angona mai tafiya ba sallama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci, ba ka barin cikinka yana kuka kamar ƙyauren ɗakina. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magana.

Direban motar kamfaninku ya ce gonar da aka tura ka duba iri waya ba ta shiga, in ina da saƙo in rubuta ya kai maka. Na ce to. Aji huɗu na yi, amma alƙalami bai manta ni ba. In ka ga harafi ya karkace, ka karkata kai ka karanta.

Ga labarin 'ya'yanka. Bokitan waken da ka jera mini a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar ledar da ka kafa, duk suna nan. Bari in maimaita abin da ka ce don ka san kunnena bai tsufa ba. Masu shuɗin ƙyalle in ba su ruwa safe da yamma. Masu jan ƙyalle kuwa, da zarar sun fara fure, ko ɗigo kada su gani sai ka dawo. Ka ce gwajin da shugabarku ta ba ka ke nan, a ga ko sabon iri zai fi tsohon jure fari, kuma da shi za a duba wanda za a riƙe cikinku masu koyon aiki. Ɗakin gilashin da kamfani ke rainon shuka ya cika, ɗakin hayarka ba tsakar gida, shi ne ka tuna kana da tsohuwar mata. Madalla. Ba a tuna ni sai an rasa wurin ajiye bokiti.

To jiya suka fara fure. Na ba shuɗayen ruwa, na wuce jajayen ina kau da kai kamar wadda ta ga mai bin ta bashi. Lambobin da ka rubuta a jikinsu ban riƙe ba, don haka na raɗa musu suna: 'yan gata da marayu.

Kawunka ya leƙo da yamma, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dai bai taɓa jin karatun da ake koya wa mutum hana shuka ruwa ba. Ya ce kujerarka tana nan a shagonsa na kayan gini, ranar da kamfani suka sallame ka sai ka zo ka zauna, ga gida ga aiki. Na ce masa ya ja bakinsa. Amma bayan ya tafi maganar ta zauna mini a ƙirji: ga gida ga aiki.

Ka riƙa sa hula a rana. Baƙinka ya isa haka.

Taka har kullum,
Kakarka

*

Zuwa ga mai gidana marar tausayi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, saƙonka ya iso. Layi uku! Biyu na wake, ɗaya nawa. Na gode, na san matsayina.

Yaro, ka haɗa ni da aiki. Marayun nan sun fara sunkuyar da kai. Da rana ganyen yana naɗewa kamar kunnen akuyar da aka yi wa tsawa, ƙasar bokitin ta ja baya ta bar bakin roba, ta tsage. Ga 'yan gata a gefensu shar da su, har suna miƙa hannu suna kama igiyar shanya. Ni kuwa na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya in share inda na share. Tun ina yarinya ban taɓa wuce abu mai ƙishi da ruwa a hannuna ba, ko karen maƙwabta ne. Yanzu ga ni da buta cike, ina zagaye su kamar ɓarauniya.

Matar tela ta shigo aron turmi, ta gan su, ta dafe ƙirji. Ta ce, Iya, lafiya? Ko famfo ya ɗauke? Kafin in buɗe baki ta sunkuci moɗa. Wallahi ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na riƙe mata hannu, ruwan ya zube a zanenta. Na yi mata bayani iya fahimtata, ta saurara, ta gyaɗa kai, ta fita ta gaya wa duk layin nan cewa tsohuwa ta fara ruɗewa, tana horon wake. Yanzu in na fita sayen sabulu sai a riƙa gaishe ni a hankali, ana ɗaga murya.

Bari in faɗa maka wata magana, tunda takarda ba ta da ido. Ba tausayin wake kaɗai ke hana ni sukuni ba. Na lissafa abin da kyau. In marayun nan suka sha ruwa, gwajinka ya lalace. In ya lalace, wani za a riƙe, kai ka dawo. Direban ya ce waɗanda aka riƙe, can tashar binciken iri ta nesa ake tura su, wadda sai an yini a mota. Ni na goye ka, ni na cire maka ƙaya a ƙafa, yanzu kuma ni ce mai gadin abin da zai ɗauke ka. Moɗa ɗaya ce tsakanina da ganinka kullum a bakin shagon kawunka, kana auna ƙusa kana ɓata rai. Kuma wa zai sani? Wake ba ya kai ƙara.

Kada ka firgita. Ban yi ba. Na dai mayar da moɗar cikin ɗaki na rufe ta da kwano, don ido ba ya ganin abu zuciya ta bar shi.

Ka gaishe da shugabar taku, ka ce mata wata tsohuwa tana yi mata aiki ba ko sannu.

Matarka da ka bari da marayu,
Kakarka

*

Zuwa ga jikana,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun yau, hannuna bai gama dawowa daidai ba. Kowa lafiya, kada ka tsallake zuwa ƙarshe.

Shekaranjiya da rana na fitar da katifata na shanya a kan benci, don rana ta buɗe sosai, kuma kowa ya san ruwa bai isa zuwa ba. Ina cikin gyangyaɗi sai na ji ƙofa ta bugu. Na fito na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in ce wani abu iska ta shiga ƙarƙashin rumfarka, ta ɗaga ledar ta yage ta, ta tafi da ita bayan katanga. Angona, ka iya karatu, amma ɗaurin igiya sai a hankali.

Ga marayu a fili, ga hadari a kansu. Daidai nan kawunka ya shigo da gudu, ya zo fakewa. Ya dubi sama, ya dube ni, ya yi dariya. Ya ce, Iya, shi ke nan, an raba gardama. Ba ke kika ba su ba, daga sama ya zo, ba wanda zai ga laifinki. Ki ɗauke katifarki kawai.

Ka san gaskiya ya faɗa. Abin da na yi ta juyawa a raina ne aka kawo mini har gida, an wanke shi tas, ba hannuna a ciki. Na tsaya. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi. Sai na tuna ranar da ka kawo bokitan nan, yadda ka durƙusa kana saka ƙwaya ɗai-ɗai da ɗan yatsa, kana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ka manta ina tsaye da abincinka har ya huce. Ban taɓa ganin ka kalli ƙusa haka ba.

Ban san lokacin da na kama bokitin farko ba. Ɗauka ta gagara, sai ja. Na ja shi har falo, na koma. Ina ja ina ƙwala wa matar tela kira ta kan katanga. Baiwar Allah ta bar wankinta a igiya ta shigo, ta ga ina gudu da shuka daga ruwan sama, ta ce, yau kam ta tabbata! Amma ta kama. Kawunka yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa ku bari, ku bari, har na ce masa in ba zai ɗauka ba ya matsa, kada in haɗa da shi in ja. Sai ga shi da bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, yana tafe yana faɗa, wai duk gidan nan ba mai hankali, har da shi.

Muna shigar da na ƙarshe ruwa ya kece. Mu uku muka tsaya a falo muna haki, marayu sun cika ko'ina har kan tabarmar baƙi. Duniya tana shan ruwa, su suna kallo ta taga. Matar tela ta fara dariya har ta zauna a ƙasa.

Guda ɗaya bai tsira ba. Yana can ƙarshen layi bayan randa, ba mu gan shi ba sai da ya sha ya ƙoshi. Na ɗaura masa tsumman zanena don kada ya ɓace cikin 'yan uwansa, na ware shi gefe. Ka san yadda za ka yi da shi, ni dai na faɗa maka.

Katifa kuwa ta sha fiye da kowa. A kan tabarma nake kwana, tsakanin bokitai, gwiwa tana zagina. Kawunka ya sake kafa rumfar, da ƙusa wannan karon, ya ce kada a gaya maka.

Wani abu kuma. Cikin marayun, layin da ka ce sabon iri ne, na ga ƙananan kwanso sun fito, sirara kamar yatsan jariri. Tsohon irin ya zubar da furensa. Ban san me wannan ke nufi a wurinku ba, amma na daɗe a tsugune ina kallo.

Ka zo da wuri.

Kakarka

*

Zuwa ga ma'aikaci,

Gaisuwa irin ta manya, tunda yanzu an girma. Ina fatan ka isa tashar lafiya, ɗakin da suka ba ka ba ya yoyo.

Direban ya kawo labari tun kafin saƙonka, ya shigo yana washe baki kamar shi aka ɗauka. Na yi guɗa har matar tela ta leƙo. Na ce mata waken da na hora ya ci jarrabawa. Yanzu ita ke gaya wa layi cewa da hannunta aka yi. Kawunka kuwa, na ji ya ba wani kujerar shagon, kuma duk wanda ya zo sayen siminti sai ya ji labarin ɗan 'yar uwarsa mai binciken iri.

Zuwan da ka yi ɗiban kwanson nan ban ƙirga shi zuwa ba. Ka shigo da ma'auni da 'yan ambulan, ka ƙirga wake, ka auna wake, ka kwana ɗaya ka tafi. Ni ko a ma'aunin ba a ɗora ni ba.

Bokitin da ya sha ruwan sama, wanda ka ce ba ya cikin lissafi, na bar shi ya bushe na ɓare. Na shuka shi a gindin katanga, ina ba shi ruwa har sai ya ce ya isa. Wannan nawa ne, ba na kamfani ba.

Tsakar gida ta yi faɗi da yawa yanzu. Ina fitowa da buta in rasa wanda zan wuce. In shugabarku tana da wasu marayun, a kawo, na iya aikin.

Amma ka ji ni da kyau, angona. Gwajin nan ya tsaya a kan wake. Kada ka ɗaura mini jan ƙyalle ka tafi ka ga kwana nawa zan yi. Ni tsohon iri ce, ba na jure fari.

Mai jiranka,
Kakarka