Kujerar Bayan Aji

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau aka miƙa min alli, 'yan aji biyu na firamare, ni kaɗai. Wata guda ina kallon Malama Babba tana abin kamar wasa, na zaci da sauƙi. Dokar shirin nan ce za ta kashe ni: shekara guda muna koyon aiki a cikin makaranta, amma da zarar mai koyon malanta irina ta tsaya gaban allo, malamar ajin ta koma kujerar baya, ba ta cewa uffan. Na ce yaran su fito da littafi. Kaf suka juya suka dube ta. Sai da ta ɗaga gira suka buɗe jaka.

Talata, 14 ga Oktoba

Na gwada tafin da take yi musu in tana son shiru. Suka maida shi kiɗa, har da mai rawa a kan benci.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Dakta, mai duba mu daga jami'a, ya zo. Ina koyar da ragewa, biyu suna dambe kan magogi, ɗaya ta shige ƙarƙashin tebur. Na yi tsawa har muryata ta shaƙe. Suka waiga baya, Malama ta sunkuyar da kai tana duba farcenta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A baranda ya ce, "Darasinki a tsare yake, amma ajin nan ba naki ba ne tukuna." Zai dawo tsakiyar Nuwamba. In ya tarar da abin da ya bari, ba zan wuce zuwa zango na biyu ba.

Na bar aikin kantin magani saboda wannan. Yaya ya ce da digirina zan ƙare a share majinar 'ya'yan mutane. Ashe share majinar ma sai an iya.

Asabar, 25 ga Oktoba

Inna ta tambayi yara. Na ce lafiya lau. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na ajiye kunya na roƙi Malama. Na ce ranar da Dakta zai zo ta taimaka min da ido kawai, ba wanda zai gane. Tana feƙe fensir, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ranar da aka ba ki ajinki, girata za ki ara ki tafi da ita?"

Na tsane ta yau. Allah ya yafe min, amma na tsane ta.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Lokacin hutun tara na tsare Mai Giɓi, yarinyar bencin gaba da bakinta ba ya hutawa. Na ce me ya sa in na yi magana sai sun juya baya? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta.

"Ai ke ma ita kike kallo, Ƙaramar Malama. Mun zaci haka ake yi."

Na sallame ta. Bayan tara na kama kaina ina yi. Ina gama jimla, idona ya tsallake kawunansu ya tafi kujerar baya. Su kuma su bi shi. Ni na koya musu, da hannuna.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na hana kaina dubawa. Wuyana har ciwo yake. Surutun bai ragu ba, sai dai yau na lura ɗan bakin taga ba ya ganin allo, shi ya sa yake tsokana. Tun yaushe yake a wurin?

Litinin, 17 ga Nuwamba

Gobe. Dakta zai dawo. In an kore ni, da wane ido zan dubi Yaya?

Talata, 18 ga Nuwamba

Bai yi kyau ba, kar in yaudari kaina. Murafan kwalban da muke ƙirga da su sun zube, sai da na durƙusa muka tsince tare. Ɗan bakin taga, da na dawo da shi gaba, ya rage huɗu daga tara ya samu shida, muka yi ta fama ni da shi da sauran har ya gano. An yi surutu. Na ce shiru sau biyu, na biyun ya ci.

A baranda Dakta ya tambaye ni yaushe Malama Babba ta fita. Na ce tana ciki ai. Na leƙa. Kujerar ba kowa, sai jakarta.

Ya rufe bironsa ya ce sai mun haɗu zango mai zuwa.

Na tarar da ita a ofis tana shan shayi. Wai tun ina rubuta kwanan wata a allo ta fice. Har yanzu da sauran haushinta. Na dai wanke mata kofin.